Wai yaran yanzu sun fi na da shan wiwi?

Malam Isa: Salamu alaikum. Jiya a taron iyayen yara wani uba ya ce Jos ba ta taɓa ganin lokacin da samari ke shan wiwi irin yanzu ba. Ni na yarda da shi. Da sai ka gangara bakin rafi ko bayan dutse za ka ji warinta. Yanzu a bakin lungu ake busawa bayan magariba, yaro bai ko gama sakandare ba.

Baba Audu: Wa alaikumus salam. Malam, ka janye "ba ta taɓa ba" ɗin nan. Tun 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar hana wiwi, har da hukuncin kisa ga mai nomanta. A 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ana kafa doka a kan abin da babu ne? Muna samari ana sha a tasha da bayan silima. Gari ne ya cika.

Hajiya Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Najeriya. Wannan ba cikar gari ba ce kawai.

Baba Audu: Wannan adadin na 'yan shekara 15 zuwa 64 ne, 'yata, ba na yara zalla ba. Kuma ƙirgen shekara ɗaya ba ya nuna hawa ko sauka.

Yusuf: Baba ya yi gaskiya a nan. A Amurka tun 1975 suke tambayar 'yan ajin ƙarshe na sakandare duk shekara. A 1979 kusan rabinsu sun sha a cikin shekarar, a 1992 ya sauko wajen kashi 22 cikin 100, ya sake hawa. Idan yara suna ganin abin da haɗari sai ya ragu, idan suka raina shi sai ya ƙaru. A wajen sa'o'ina kuwa an raina shi. Cewa suke ai ganye ne, ya fi ƙwaya sauƙi.

Anti Ladi: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma gardamar yawa ba ta dame ni kamar abin da ake sha ba. Wiwin da Baba ya sani ba shi ne na yau ba. A Amurkan da Yusuf ya ambata, sinadarin THC mai sa maye ya tashi daga wajen kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa wajen 12 a 2014. Nan kuma ga wiwi mai ƙarfi da ake kira Loud, ga wanda ake kira Colorado da ake haɗawa da sinadarai. Za a kawo mana yaro ɗaure da ɗankwalin uwarsa, ya kwana uku bai rintsa ba, yana rantsuwa ana binsa za a kashe shi. Uwar tana kuka tana cewa jifa ne. Kafin su zo sun gama zagaye gidajen magani, kuɗi ya ƙare, ciwo ya yi nisa. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 15 ba ta gama nuna ba, wallahi ba ta ɗaukar wannan.

Hajiya Rabi: Innalillahi. Kuma da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, ina masu shansa suka koma?

Malam Isa: To kun gani. Ko ba su fi yawa ba, sun fi ƙanƙanta, abin kuma ya fi ƙarfi.

Baba Audu: Ƙarfin na yarda, Ladi ta gani da idonta. Ƙanƙantar shekaru kuwa sai an ƙirga. Malam, ku malamai kuna da yaran a hannu. Ku raba musu takarda ba suna, ku tambaye su, bara waccan ku sake.

Yusuf: Baɗi dai, Baba. Amma kada a kai sakamakon wajen shugaban makaranta a fara kora, in ba haka ba babu wanda zai faɗi gaskiya.

Malam Isa: Zan kai maganar taron malamai ranar Litinin. Anti Ladi, za ki zo ki yi wa iyaye bayanin nan da bakinki?

Anti Ladi: In ba ni da aikin dare, zan zo. A gayyato iyaye mata musamman.