Alƙalamin da ke ɗauke da tawadarsa a ciki: wane suna za mu ba shi?

Assalamu alaikum jama'a. Mako biyu ke nan ina neman sunan Hausa na abin da Turawa ke kira fountain pen, kuma malamina na Aboabo, nan Kumasi, shi ya ɗora mini wannan aiki. Na je gaishe shi bayan la'asar, ya hango abin maƙale a aljihun rigata, ya miƙo hannu. Ya zare murfin, ya kai bakin kusa da idonsa yana duba tsagar, ya ce, "Wannan ai alƙalami ne na sosai. Yaya sunansa?" Na ce, "Allah gafarta Malam, fawuntin fen." Ya ce, "Da Hausa na tambaye ka, ɗana." Ban sami abin faɗa ba.

Bari in fara gaya muku abin da ke hannuna, don kada mu raɗa wa jariri suna ba mu gan shi ba. Lamy Safari ne, ƙirar Jamus, samfurin da ya fara fitowa a 1980 kuma har yau ana yin sa. Jikinsa roba ce mai tauri, bakinsa ƙarfe ne, ba zinariya ba. Wurin riƙonsa an fafe shi gefe biyu, yatsu na zama da kansu inda ya kamata. A jikinsa akwai 'yar taga da kake hango sauran tawada. Wanda ke son alƙalami mai ƙyalli irin na manyan alhazai zai ce wannan ya yi kama da kayan 'yan makaranta, kuma bai yi ƙarya ba. Ni dai rubutunsa ne ya saye ni. Ba ka danna shi. Ka ɗora bakin a takarda, nauyin hannunka kaɗai ya isa, layi ya fito a jiƙe, ya bushe da ɗan duhu a inda hannu ya tsaya, ya yi haske a inda ya wuce da sauri. Ina cika shafi huɗu ko biyar wuyan hannuna bai yi tsami ba, abin da ban taɓa samu da biro ba.

Sunan farko da ya zo mini shi ne fassarar kai tsaye: alƙalamin marmaro, ko na maɓulɓula. Na yar da shi nan take. Wanda ya ji marmaro zai zaci tawada ke tsartuwa, alhali in ka ga wannan alƙalami na tsartuwa to ya lalace. Yadda yake aiki ya fi kama da lagwanin fitila. A ƙarƙashin bakin akwai wani baƙin abu mai siraran hanyoyi, tawada na bin su a hankali zuwa tsagar, iska kuma na komawa ciki ta cike gurbin da tawadar ta bari. In iska ba ta shiga ba, rubutu ya tsaya. In ta shiga da yawa, tawada ta ɗiga. Wannan daidaito shi Lewis Waterman ya yi suna da shi a Amurka, da rajistar ƙirarsa ta 1884.

Wata Hajiya da ta koyar a firamare shekaru masu yawa ta rubuto mini cewa ita alƙalamin ruwa ta san ana cewa. Hajiya, na gode, kuma ba na musu an faɗa, yana da daɗin faɗa ma. Abin da ya hana ni tsayawa a kansa shi ne biro ma da ruwansa. Kowa na cewa ruwan birona ya ƙare. Haka alƙalamin tawada: wane alƙalami ne ba na tawada ba? Na gamba da almajiri ke fiƙewa da reza ma da tawada yake rubutu. Sunan da ya hau kan kowa bai ware kowa ba.

Wani ɗan'uwa daga Nima ya ce me zai hana mu ara kawai, kamar yadda aka ari sauran. Maganarsa na da ƙarfi. Biro sunan mutum ne, László Bíró, ɗan Hangari. Bik da 'yan'uwanmu na Nijar ke faɗa sunan kamfanin Bic ne na Faransa. Mu nan Gana yawancinmu fen muke cewa mu wuce. Alƙalami kansa da tawada daga Larabci suka zo, sun zauna har ba mai jin baƙuncinsu. Ba na ƙin aro. Amma fawuntin fen bai kwanta a harshe ba, kuma duk wanda ka faɗa wa sai ya sake tambayarka mene ne shi. Ana aro ne in gida babu. A nan ina ganin akwai.

Na kusa tsayawa a kan wani suna daga kalmar ɗurawa, tun da ɗura masa tawada ake yi kamar yadda ake ɗura ruwa a gora. Wani dattijo ya ja ni gefe ya tuna mini cewa mu Hausawan Zango ba kasafai muke bambanta ɗ da d a baki ba, kuma a waya mutane da yawa ba sa sa ƙugiya. Ɗaya daga cikin siffofin wannan kalma, in ƙugiyar ta faɗi, ta zama abin da ba a faɗa gaban manya. Sunan da yaro ba zai iya tambaya a kanti gaban mahaifinsa ba, ba shi da amfani. Allah ya saka wa Baba da alheri.

Daga nan na koma na tambayi kaina, me ya raba wannan da alƙalamin da muka tashi da shi a makarantar allo? Bakinsu iri ɗaya ne, tsagarsu ma iri ɗaya ce. Bambancin guda ne. Wancan sai ka tsoma a kurtu, ka rubuta kalma biyu ko uku, ka sake tsomawa, kurtun na gefen gwiwarka kana tsoron kada wani ya yi ɓari da shi. Wannan kuwa ya haɗiye kurtunsa, yana yawo da shi a ciki. Wannan buri ma ba Turawa suka fara shi ba. Alƙali Nu'uman ya ruwaito cewa halifan Faɗimiyya Mu'izzu, a ƙarni na 10, ya nemi a ƙera masa alƙalamin da zai riƙe tawadarsa a ciki, ya yi rubutu ba tare da tsomawa ba, kuma kada ya ɓata hannu ko tufa.

Don haka shawarata: alƙalami mai kurtu. A taƙaice, mai-kurtu. Jam'i, masu kurtu.

Na san abin da za a ce, an ma riga an faɗa: kurtu ai sabon soja ne. Haka ne, amma kalmomi biyu ne da suka yi kama, kuma ba wanda zai ji alƙalami a gaba ya tafi bariki. An kuma ce yaran yanzu a Asawase da Sabon Zango ba su san kurtu ba. Wasu ba su sani ba, gaskiya ne. Wannan ma na cikin abin da ya sa nake son sunan. Yaro zai tambaya, a nuna masa.

Sauran sassan ba su ba ni wahala ba. Baki da tsaga da murfi muna da su tun da. Abin da ake murɗawa ya ja tawada daga kwalba, mazuƙi. 'Yar robar da ke zuwa cike da tawada, a soka ta, in ta ƙare a yar, na sa mata kwanso. Baƙin abin nan na ƙarƙashin baki ina kiransa maƙogwaro, amma in wani na da wanda ya fi shi, ina saurare.

Gargaɗi ɗaya, don sunan kada ya ruɗi wani: kurtun nan ba ya shan tawadar allo. Na gwada da wani mai araha da na saya a Adum, na ɗura masa tawadar gida mai ƙaro. Daren farko ya rubuta baƙi ƙirin, gwanin kyau. Da gari ya waye ƙaron ya daskare a hanyoyin, na jiƙa shi kwana uku bai dawo ba. Tawadarsa daban ce, tsararriya, ta kwalba. Takarda ma yana zaɓe: a littafin rubutu mai arha layin na bajewa ya ɓullo ta baya. Lokacin hunturu kuma in ka bar shi a buɗe kana hira, bakin ya bushe. Kuɗinsa zai saya maka biro masu yawa, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma biro in ya ƙare sai bola, wannan kuwa kwalbar tawada ɗaya na kai ni watanni, in bakin ya lalace a zare a sa wani.

Jiya na koma wurin Malam da sunan. Ya maimaita shi sau biyu, ya ce a ba shi takarda. Ya rubuta layi ɗaya na ajami, ya tsaya yana kallo. Ya ce tawadar na gudu yadda ake so, sai dai bakin kumbul yake, ba ya ba harafi kauri da siranta irin na alƙalamin da aka yanke a karkace. Na ce masa akwai masu faffaɗan baki da ake yi don rubutun ado, Lamy ma na da su. Ya mayar da murfin, ya miƙo mini, ya ce, "To, in za ka Akara, ka dubo mini mai-kurtu irin wannan ɗin, mai faɗin baki."