Ajiye Ƙananan Batura Tare da Kayan Harbi

Wata shawara ga masu wasan harbi ita ce, kada a zuba ƙananan baturan lithium irin su CR123A da CR2032 barkatai cikin jaka ɗaya da harsasai, domin kwanson harsashi ƙarfe ne, kuma idan ya haɗa bakuna biyu na batir (wato + da -), batirin zai iya yin zafi har ya kama da wuta. Ya fi dacewa a bar su cikin kwalinsu, ko a liƙe bakunan da salatif. Batir mai 9V ya fi buƙatar kulawa, tun da bakunansa suna gefe ɗaya. A jirgin sama kuwa, baturan lithium na ajiya a jakar hannu ake ɗaukar su.