Tafiya Agadas da Timiya da yara, wa ya taɓa zuwa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu a Kano muke, maigida yana da dangi a Damagaram, so muke hutun ƙarshen shekara mu wuce Agadas har cikin duwatsun Abzin yara su ga tudun yashi da idonsu. Autarmu shekararta 4. Don Allah wanda ya san hanyar ya bamu shawara, za a iya da yara kuwa?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam hajiya. Lokaci kam kun dace, Disamba babu zafi, amma sanyin dare a can ba wasa bane, ku ɗauki barguna da rigunan sanyi da man shafawa don leɓen yara fashewa yake. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne ta Tanut da Aderbisinat, ku fita da asuba. In kun isa kar ku yi gaggawa, ku ga babban masallaci mai hasumiyar laka mita 27, tun 1515 aka gina shi aka sabunta a 1844, fadar Sarkin Abzin na nan dab da shi.

Ba'abziniya:
Yaya ni dai Timiya zan ce ku je. Daga Agadas ya fi kilomita 200, hanyar duk dutse da kwazazzabai da koramu busassu, sai mota kat-kat, wato mai ja da taya huɗu, da direban da ya san gari, wuni guda za ku yi ana jijjiga. Amma wallahi kuna gangarowa daga baƙaƙen duwatsun nan sai ku ga lambuna kore shar, lemu da rumman da dabino, ga raƙumi yana jan guga daga rijiya ana ban ruwa, ga wani ruwa yana zubowa daga kan dutse cikin tafki kafin a shiga gari. Ku sa a gasa muku tagilla, cikin yashi mai zafi ake binne ƙullun a rufe da garwashi, a fito da shi a kakkaɓe, yara ba za su manta ba. Manyan tuddan yashi irin na Temet da Arakawo suna can bakin hamadar Tenere, nesa ne, kwanan daji ne babu asibiti babu sabis, da yarinya 'yar shekara 4 ban baki shawara ba gaskiya.

Malam na Arlit:
Hajiya kafin komai maganar tsaro. A 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa, kuma akwai 'yan fashi a hanyoyin daji. Alhaji ya fara tambayar jami'an tsaro a Agadas ko hanyar Timiya tana biyuwa, in sun ce sai da rakiya ku bi, in sun ce a'a ku haƙura. Mota biyu ake tafiya ba ɗaya ba, ruwa jarka jarka, ba tafiyar dare.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Mun ajiye Tenere sai sun girma. Ba'abziniya akwai wurin saukar baƙi a Timiya ko sai mun taho da tanti?