miR-451 ko mirtron? Ranar Litinin zan ba malamina amsa

Ummu_Kawo: Assalamu alaikum. Malamina ya ba ni zaɓi biyu na aikin digiri na biyu. Zuciyata ta fi kwanciya da miR-451, don ba ta bi ta hannun Dicer kamar sauran microRNA (ƙananan RNA masu rage aikin wasu ƙwayoyin gado). Dicer, Drosha da Ago2 duk sunadarai ne masu yanka RNA. Bayan Drosha ya sare ta, guntun da ya rage ya yi wa Dicer gajarta, sai Ago2 ya ƙarasa yankan. Ga ta jingim a jajayen ƙwayoyin jini, ni kuma jinin masu sikila nake son dubawa. Wa ya taɓa yin qPCR ɗinta, wato gwajin auna yawanta, a nan Kaduna?

Malam_Tudu: Wa alaikumus salam. Ki ɗauki mirtron, ƙanwata, shi ma wani nau'in microRNA ne. Shi Drosha yake tsallakewa, daga intron (guntun da ake cirewa daga RNA yayin sarrafa ta) yake fitowa, tun 2007 aka gano shi.

Ummu_Kawo: Malam, wurin aunawa na tambaya.

Sadiq_Rigasa: Ago2 ɗin nan agogo biyu ne? Ku taimaka wa na baya.

MamanIlham: Ummu, ki saurare ni. Wata takwas ina bin asibiti ina roƙon iyaye su yarda a ɗebi jinin 'ya'yansu. Na ajiye a firizar wani ɗakin gwaji, aka ɗauke wuta kwana uku, janareta babu mai, ba wanda ya kira ni. Na zo na tarar komai ya narke. A wanda ya tsira ma, ƙwayoyin jini sun fashe, miR-451 ta malale cikin ruwan jinin, sakamakon ya zama shirme. Mijina ya sayar da babur saboda aikin nan. Har yau in na bi ta titin wurin gabana faɗuwa yake.

Malam_Tudu: Allah ya mayar da alheri. Amma ni dubu ɗari huɗu na sayi kayan cire RNA bara.

MamanIlham: Ina? Ni dubu ɗari tara aka ce mini, daga Legas.

Malam_Tudu: An cuce ki.

MamanIlham: Malam, kai da a kwamfuta ka yi naka aikin, ka taɓa riƙe pipette, bututun ɗiban ruwa na ɗakin gwaji?

Dr_Barnawa: Kowa da fanninsa, Hajiya. Ni abin da ke ƙona mini rai, ɗalibi ya yi wahalar, a buga takarda sunansa na biyar.

Sadiq_Rigasa: Nawa ko na biyar ɗin bai samu ba.

Ummu_Kawo: Don Allah, wa yake da firiza mai sola?