Asusun ƙarfe mai motsi: na asali na saya ko jabu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Amurka, kuma ranar Asabar na je kasuwar gwanjo na ci karo da wani asusun ƙarfe da ya ba ni sha'awa. Siffar Uncle Sam ce, dattijon nan mai doguwar hula da ake zanawa a matsayin alamar Amurka, yana tsaye riƙe da lema. In ka ɗora masa kwabo a hannu ka danna wani maɓalli, sai ya sauke hannun, jakar da ke gefensa ta buɗe baki ta haɗiye kuɗin, gemunsa na rawa. A gindinsa an rubuta 8 ga Yuni, 1886. Dala 60 na biya, mai kayan ta ce na kakarta ne. Ta yaya zan gane ko tsoho ne na gaske? Kuma fentin ya koɗe, in sake masa wani?

Mai sana'ar tsofaffin kaya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai, kada ka kusanto shi da fenti, kada ka sa masa fetur ko soson ƙarfe. In na asali ne, koɗaɗɗen fentin nan shi ne yawancin darajarsa.

Ranar da ka gani gaskiya ce, ita ce ranar rajistar ƙirar, kuma kamfanin Shepard Hardware na birnin Buffalo ne ya yi shi. Amma ba ta zama shaida ba, domin masu kwaikwayo da na asalin suke buga gurbi a yashi, rubutun ma sai ya fito tare. Uncle Sam kuwa yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, musamman daga Taiwan tun shekarun 1970. Shafa jikinsa da yatsa. Tsoffin kamfanoni irin su Shepard da J. & E. Stevens na Cromwell a jihar Connecticut, wanda ya fitar da asusun Hall's Excelsior mai rajistar 1869, da lallausan yashi suke zubi, sannan a bi da magagari. Jikin yakan yi sumul, rubutu ya fito raɗau, ɓari biyun su haɗu har da ƙyar ka zura takarda a tsakani. Na baya kuwa, wato jabun, jikinsa kaushi, tsagar kuma a wangale.

Mai zubin tukwane: Alhaji ya faɗi gaskiya, bari in ƙara abin da na sani daga wurin aiki. Ni alminiyam nake zubawa, amma dokar ɗaya ce: ƙarfe in ya huce sai ya tsuke. Wanda ya tsara na asali ya san haka, sai ya yi samfurinsa da ɗan ƙari. Ɓarawon ƙira kuwa ba shi da wannan samfurin, asusun da aka gama yake dannawa a yashi, don haka nasa dole ya fito ƙarami. A baƙin ƙarfe abin yakan kai kusan kashi 1 cikin 100. Kaɗan ne a ido, amma ruwla ba ta ƙarya. Shi ya sa masu tara su suke ajiye zanen gindin kowane asusu na asali a takarda, sai a ɗora wanda ake shakka a kai. In ya gaza layin, magana ta ƙare. Wannan tsukewar ce ma take hana ɓangarorin haɗuwa daidai. Duba bakin mahaɗin kuma: in ka ga layuka masu ƙyalli a jere, injin gurza ne ya bi wurin, alamar jabu ke nan.

Wani ɗalibi: Ku duba notin kawai. In kansa mai alamar kuros ne, jabu ne. Wannan ƙirar ta Phillips sai a shekarun 1930 ta shigo.

Mai sana'ar tsofaffin kaya: A'a ɗana, kada mu yanke hukunci da noti shi kaɗai. Na sha ganin asusu na gaske da notinsa ya ɓace aka sa sabo, na kuma ga jabu da aka sa wa tsohon noti mai tsaga ɗaya. Alama ce dai, a haɗa ta da sauran. Ga tsatsa ma: ta shekara ɗari baƙi-baƙi take, ta kama jiki. Wadda aka ƙirƙira da ruwan gishiri ko binnewa a ƙasa jawur take kamar garin bulo, tana bin hannu. Fenti kuma inda yara ke taɓawa yake cinyewa, wato maɓalli da tafin hannun da ake ɗora kwabo. Sannan akwai kwaikwayon shekarun 1950 da 1960 da aka rubuta Book of Knowledge a gindinsu. Waɗannan ba don cuta aka yi su ba, sai dai wasu na kankare rubutun. In ka ga wani wuri a gindin ya yi shafal kamar an goge, ka yi hattara.

Wata uwa: Malam, ko ma wanne ne, kada ka bar ƙananan yara su sa shi a baki. Tsohon fenti yakan ƙunshi gubar dalma, sai a 1978 Amurka ta hana ta a fentin gida da kayan wasan yara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu da tocila. Jikin kaushi kamar sanfefa, katin banki na shiga tsagar bayansa, notin mai kuros ne, kuma tsatsar ta ɓata mini yatsa da ja. Ke nan na baya ne ko, Alhaji?

Mai sana'ar tsofaffin kaya: Alamu huɗu a jiki ɗaya, ƙanena, na baya ne. Ajiye shi a kanta ka riƙa tara tsabarka. Gaba in za ka kasuwar, tafi da tocila da ruwla a aljihu, ka juya gindin kafin ka tambayi kuɗi.