Hayar fili ko kamfanin jagora: wanne ya fi don farautar barewa a Texas?

Salamu alaikum 'yan'uwa mafarauta da ke Amurka. A Texas nake, inda yawancin filaye na mutane ne, kuma farautar barewa da bindiga a Nuwamba ake buɗe ta. Wani mai gandu ya yarda mu haɗa kuɗi da abokai mu kama hayar shekara, amma masarar jawo barewa da gyaran bukkar fako duk a wuyanmu, kuma ya hana kawo baƙi. Kamfanin jagora, wato masu kai mutum farauta, kuwa 'yan kwanaki ne, ga masauki ga abinci, sai dai kuɗin na hawa gwargwadon girman ƙaho. Ni nama nake so, in yanka da hannuna, in kuma koya wa ɗana harbi. Don Allah wanda ya gwada duka biyun, wanne ya fi? Me ya kamata a rubuta a takardar hayar?