Rago ko raggo: rigimar ja da baya a zauren 'yan gem na Kaduna

Sarkin Ƙafa: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Jiya bayan isha'i a shagonmu na Tudun Wada na riƙe hannun gem a Tekken 7 da ɗan wasana Hwoarang, na sauke mutum biyar a jere, kowa shaida ne. Sai ga wani daga Kawo ya ɗauki Kazumi, ya zaɓi filin nan marar bango. Ya ɗan taɓa ni sau biyu, da ya ga jininsa ya fi nawa, shi ke nan, sai baya, baya, baya, har daƙiƙa 60 ta cika. Turmi uku haka ya yi min, ya kuma tashi yana ɗaga hannu wai ya ci ni. Wallahi ban yi barci da daɗi ba. Shawarata ita ce, a wasan da za mu haɗu ranar Asabar a sa doka: duk wanda ya ci turmi da ƙarewar lokaci kada a ƙirga masa. Gem ɗin faɗa ne, ba gem ɗin rago ba.

Ɗan Kawo: Wa kake kira rago?

Sarkin Ƙafa: Ban kama sunan kowa ba.

Ɗan Kawo: Ka ce daga Kawo, ka ce Kazumi. Mutum nawa ne a Kawo ke buga Kazumi? Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ka janye kalmar nan tun muna shaida juna.

Malamin Badarawa: Ku dakata. In dai rago ya ce, ai yabo ya yi. Hausawa suka ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon raguna suna karo ya san wanda ya fi ja da baya shi ke zuwa da ƙarfi.

Sarkin Ƙafa: Malam, ba ragon layya nake nufi ba, kai ma ka sani.

Malamin Badarawa: To sai ka rubuta raggo, da g biyu, kowa ya gane. Kai ka rubuta dabba, yanzu kuma kana neman a karanta maka zagi.

Na Barnawa: Allah gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Raggo maganar Sakkwatawa ce. A daidaitacciyar Hausa duka biyun rago ake rubutawa, a baki ake rarrabewa, na dabba ana jan wasalin farko. Jam'i ne ke raba gardama: wancan raguna, wannan ragwaye.

Malamin Badarawa: Shekara nawa ka yi kana koyar da Hausa?

Na Barnawa: Ban taɓa koyarwa ba, amma na zauna a aji.

Malamin Badarawa: To ajin da ka zauna irinmu ne muka tsaya a gabansa.

Ɗan Rigasa: Don Allah ku bar mu da g. Ko da g goma aka rubuta, abin da yaron nan ya yi ragwanci ne. Ina wurin. Mutane sun biya kuɗi su ga duka, sai kallon tsere muka yi.

Ɗan Kawo: Yaro? Wanda ya sauke gwaninku turmi uku babu ko ɗaya shi ne yaro?

'Yar Malali: Ni kalmar ce ma ban yarda ta dace ba, ko da wace ma'ana. Rago shi ne wanda ba ya son wahala. Wanda ya taɓa gwada ja da bayan 'yan Koriya a Tekken ya san ba aikin malalaci ba ne. Baya, baya, ƙasa-da-baya, ka saki, ka sake, da sauri kuma ba kuskure, babban yatsanka har ƙuna yake yi. Na yi wata biyu ina koyonsa a gida kafin ya zauna min a ɓangare ɗaya kawai, in aka juya ni ɗaya gefen har yanzu yana kuɓuce min. Wanda ke zuba yatsa a kan madannan X da O yana jiran Allah ya sa wata ƙafa ta shiga, shi ne bai sha wahalar komai ba.

Sarkin Ƙafa: Hajiya, Hwoarang ba Eddy ba ne. Kada ki haɗa ni da masu danne-danne. Kin san yawan tsayuwar da yake sauyawa kuwa? Ƙafar hagu gaba daban, ta dama gaba daban, ga tsayuwar ƙafa ɗaya ta hagu da ta dama. Kowacce da nata duka.

'Yar Malali: Na sani, Yaya, ban raina ba. Amma bari in tambaye ka. Gem ɗin yana raba kowace daƙiƙa kashi 60, ana ce musu firam. Naushi mafi sauri na yawancin 'yan wasa yana fita a firam 10. Akwai dukan da in ka kai aka tare, kai ne za ka makara wajen dawowa daidai, in makarar ta kai firam 10 to naushin nan kyauta ne, ba ka da abin yi. Mai tsaro abin da yake jira ke nan. Sannan da yawa daga ƙafafun Hwoarang sama suke bi, mai ido zai sunkuya su wuce ta kansa ya tashi da kai. Wanda ya haddace duk wannan, ya zauna yana karanta ka, ta ina ya zama rago? Kuma da yake ja da baya, me ya hana ka share shi ta ƙasa ko ka cafke shi? Mai riƙe baya a tsaye ba ya tare dukan ƙasa.

Sarkin Ƙafa: In cafke wanda ban isa kusa da shi ba? Filin ba bango na ce miki.

Ɗan Rigasa: Yauwa, a nan nake jiranku. Su kansu Bandai Namco masu gem ɗin sun gaji da irinku. Da suka fitar da Tekken 8 a Janairun 2024 me suka yi? Kowane fili suka sa masa bango. Suka kawo Heat, wanda in mutum ya kunna shi ko tarewa kake yi jininka na ɗan zaizayewa, kuma ba ka dawo da wannan jinin sai ka kai duka. Ma'ana ka zo a yi ko ka mutu a tsaye. In tsaro abin kirki ne me ya sa suka rage masa ƙarfi?

Ɗan Kawo: Mu Tekken 7 muke bugawa. Ka kawo mana PS5 ɗin tukuna, don na 8 ba ya hawa PS4.

Ɗan Rigasa: Ka tambayi Mai Shago, tun ƙaramar sallah yake cewa yana hanya.

Na Barnawa: Ko a na 8 ɗin wa ya ci EVO, babbar gasar gem ɗin faɗa ta duniya, a 2024? Arslan Ash na Pakistan. Shi ne dai wanda ya ci EVO Japan da EVO na Las Vegas duka a 2019, ya doke Knee na Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe na Las Vegas. Da wa ya buga? Kazumi. Ku je ku kalli yadda yake motsi, ba ya kai hannu sai ya ga ƙofa. Shi ma Knee ɗin da tsaro aka san shi, ya ci na 2022 da Feng. To duk waɗannan ragwaye ne?

Sarkin Ƙafa: Arslan yana ja da baya ya dawo ya yi duka. Naku ya ja da baya bai dawo ba. Kada ku ɓoye a bayan sunan manya.

Baban Ilham: Yara, ku saurara. Tun kuna goye muke buga Street Fighter II, wanda Capcom ta fitar a 1991. A can akwai Guile, wanda sai ka riƙe baya na ɗan lokaci kafin Sonic Boom ya fita, sai ka riƙe ƙasa kafin Flash Kick ya fita. Masu gem ɗin ne suka gina shi a kan zama da jira. Kuma abin da ya fi komai shahara a tarihin gem ɗin faɗa tsaro ne. EVO 2004, Street Fighter III, Daigo na Japan da Ken, jininsa saura ɗigo, Justin Wong na Amurka ya sako masa babban harin Chun-Li. Daigo ya kaɗe duka 15 ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ma a sama ya kaɗe shi, ya sauko ya gama da shi. Har gobe ana kallon wannan bidiyo.

Ɗan Rigasa: Baba, da girmanka, wannan hujjarmu ce ka ɗauko. A wasan nan wa ke noƙewa yana cin lokaci? Justin. Wa aka ci? Justin. Kuma kaɗewar da Daigo ya yi gaba ake dannawa, ba baya ba. Sau 15 yana tunkarar ƙafa. Wannan zuciya ce, ba gudu ba.

Baban Ilham: Gaba ko baya, duka ya kai ko karewa ya yi?

Ɗan Rigasa: Karewar namiji ya yi.

'Yar Malali: Karewa kuma har da ta namiji da ta mace? To ni da na sauke ka sau biyu a gidan Yaya da azumi wace iri na yi?

Ɗan Rigasa: Hannun da aka ba ni ranar madanninsa na maƙalewa, kowa ya sani.

Malamin Badarawa: Ku dubi dambe ma. Hannu ɗaya ake naɗewa, shi ne mashi, ɗayan a miƙe shi gaba, shi ne garkuwa. Ɗan damben da ya shigo fage da mashi kaɗai ba ya kai turmi na biyu. Sai a yi ta zagaye ana auna juna, makaɗa na zuga, ba wanda ya ce ragwanci ne.

Sarkin Ƙafa: Malam, a dambe in ba a yi kisa ba ai raba su ake yi, ba wanda ake ɗaga wa hannu don ya fi iya zagaye fili. Abin da nake nema ke nan tun farko.

Ɗan Kawo: Chelsea ta ɗauki kofin zakarun Turai a 2012 da tsaro. Mutum goma a Camp Nou, gidan Barcelona, aka tashi biyu da biyu, Torres ya rufe bakin kowa. Ku je ku ƙwace kofin ku ce na ragwaye ne.

Ɗan Rigasa: Dama na san can za ka. Wannan ba ƙwallo ba ce, motar Mourinho kuka faka a bakin raga.

Ɗan Kawo: Ko kocin ba ka sani ba. Di Matteo ne. Mourinho da Inter ya fitar da ku a 2010. Sau biyu ke nan masu tsaro suna kora ku gida, shi ya sa abin ke maka ciwo har a gem.

Ɗan Rigasa: Kofi nawa gare ku, nawa gare mu? Biyu da biyar. Ka yi shiru.

Mai Shago: Ni ku bar ni da karin magana da ƙwallo, fetur nake saya. In an ɗauke wuta janareta ba ya sanin wa ke tsaro wa ke hari. Kuɗin wasa ɗaya ne, amma Sarkin Ƙafa kan gama turmi kafin a kai rabin lokaci, shi kuwa mai Kazumi sai ya cinye 60 ɗin cif, yara na layi suna jira. A lissafina masu hari sun fi min. Sai dai kuma su ne ke kashe min X da O. Kuma tunda an zo nan, hannun da aka buga da ƙasa jiya ya tsage ta gefe, wanda ya yi ya san kansa.

Sarkin Ƙafa: Oga, hannun nan dama da salatif a jikinsa. Suɓucewa ya yi.

Mai Shago: Suɓucewa har bakin ƙofa?

Na Barnawa: Oga, kai ma ka gyara hannayenka. Na biyun nan in ka danna baya sai ya ba ka ƙasa.

Mai Shago: Ka fara biyan na wasa huɗu da ake bin ka tun satin jiya.

Mai Kazumi: Assalamu alaikum. Yanzu na dawo daga islamiyya na ga saƙo sun taru. Yaya Sarki, ni ban zo da raini ba. Na tsaya a baya na kalli wasanka biyar, na ga duk wanda ya tsaya kusa da kai ba ya ko numfashi. Na san in na shiga ƙafarka ba zan fita ba. Abin da nake da shi ke nan na yi amfani da shi. Filin kuma ba ni na zaɓa ba, gem ne ya zaɓa da kansa. In ka yarda mu sake ranar Asabar a fili mai bango.

Sarkin Ƙafa: Kai ka zaɓa, ina kallon yatsanka.

Ɗan Kawo: Yanzu kuma maƙaryaci ne? Daga rago zuwa maƙaryaci?

Malamin Badarawa: Raggo dai.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, gobe akwai aiki, zan taƙaita in rufe zaure zuwa safe. Na karanta komai daga farko. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda tsaro shi ne asalin iya wasa. 'Yar Malali ta kawo lissafin firam, ba wanda ya iya rushe shi. Baban Ilham ya kawo Daigo, Na Barnawa ya kawo Arslan da Knee, Malam ya kawo garkuwar dambe, ga kuma darasin da muka koya wa Barcelona a 2012 wanda duk mai adalci ya san haka ne. Ɗaya ɓangaren ban ga wata hujja ba in ban da zafin rai. Maganar Tekken 8 ba ta shafe mu ba tunda ba mu da shi. Ni kaina shekara uku ina buga Asuka ina jiran mutum ya kawo hannu in murɗe, ban taɓa jin na yi ragwanci ba, kuma ƙanenmu na Kawo a gabana ya koyi riƙe hannu, na san tarbiyyarsa. Batun rubutu, Malam ya girme mu, a bar shi a raggo. Saboda haka babu dokar da za a sauya, wanda ya ci da lokaci ya ci, fili marar bango yana nan. Sarkin Ƙafa zai janye kalmarsa a nan zaure gobe da safe, ya kuma ga Mai Shago a kan hannun da ya tsage. Asabar ƙarfe huɗu da rabi bayan la'asar, kowa ya zo da kuɗin wasansa, ba bashi.